Abin da Na Zuba a Kunun Alhaji

Shekara talatin da ɗaya ina ciyar da mutum ɗaya, kuma duk Illela babu mai cewa Hindatu ba ta iya girki ba, don shaidar tana yawo da ƙafarta. In mijina, Alhaji Maharazu, ya fito cikin babbar riga, sai ka ga ƙofar zaure ta yi masa kaɗan. Ranar da aka kawo ni gidansa bai fi taɓarya kauri ba. Duk abin da ya ɗora daga baya, daga tukunyata ya fito, kuma ina alfahari da hakan. Ni ma ban bar kaina a baya ba, tabarma ɗaya ba ta isar mu mu biyu.

Sana'arsa saukar da baƙi. Fataken albasa da wake da ke ƙetarowa daga Ƙonni da ƙauyukan bayanta, gidanmu suke sauka kafin kasuwar Lahadi. Mai masauki kuwa ba ya tura wa baƙo akushi ya juya baya. Zama yake yi a sa hannu tare, in ba haka ba baƙo ya ce an raina shi. Idan baƙi sun iso kashi uku, to sau uku Alhaji zai ci. Tuwon shinkafa na ninƙaya cikin man shanu, ga naman kai, ga fura da sukari, a rufe da shayi mai madara. Haka muke tun 'ya'yanmu na rarrafe.

Bayan ƙaramar salla aka yanke wa yayansa, Alhaji Lukmanu, ƙafa a wani asibiti a Sakkwato. Mu mata abin da aka gaya mana shi ne ya taka wani abu da maƙiya suka binne masa a hanya. Babu wanda ya ambaci ciwon suga. Alhaji ya kwana tara yana jinyarsa, kuma a can ne likita ya dube shi shi ma ya sa aka gwada jininsa, ya ce masa ciwon da ya ci ƙafar yayansa yana jikinsa. Ya ce in bai rage ƙiba ya gyara ci ba, hanyar Lukmanu zai bi. Duk wannan sai daga baya na sani. Da ya dawo, abin da ya ce mini kawai shi ne, "Ƙaddara ta, a yi mashi addu'a."

Daga ranar ya zama wani mutum. Tuwon da na saba kwashe masa malmala uku, rabin ɗaya yake ci ya ture. Ya hana a sa masa sukari a komai. Baƙi na ci yana tsakurar ganye yana ba su labari don kada su lura. Sannan sai tafiyar ƙasa. Da an idar da asuba, gari ya ɗan yi haske, sai ya kama hanyar ƙauyen Araba a ƙafa, motarsa na ajiye a ƙofar gida. A garin nan Alhaji ba ya tafiya a ƙasa sai in wani abu ya same shi. Duk ɗan kabu-kabun da ya hango shi sai ya ja birki: "Alhaji, lahiya? Hau in kai ka." Ya ce a'a ya gode. Na gaba ma ya tsaya. An ce wata safiya mutum goma sha ɗaya suka tsaya masa kafin ya kai ƙarshen gari.

Wata biyu, rigunansa suka fara rataya a jikinsa. Ni ke ninke masa kaya, don haka ni na fara ganin inda ƙullin tazugen wandonsa ya koma. Agogonsa ya riƙa zamewa zuwa bayan hannu. Wuyan nan mai ninki uku ya saki, fata ta yi yaushi.

Na same shi a ɗakinsa na durƙusa. "Alhaji, mi yas same ka?"

"Babu komi."

"Girkina na ba ka so?"

"Hajiya, na ce maki babu komi. Ki kwashe rigunan ga a kai ma Hamidu tela shi rage su."

Na kwashe, amma ƙarƙashin gadona na tura su. Kai rigunan Alhaji wurin tela a rage su daidai yake da in hau kan katanga in yi shela. Dama gari ya riga ya ɗauka. Wasu na cewa ya karye, wasu na cewa abin da aka yi wa yayansa ne ya waiwayo shi, wasu kuma suna ambaton irin ciwon da ba a faɗa da ƙarfi. A gidan suna wata ta dube ni tana murmushi ta ce, "Hindatu, ko itace ya ƙare gidanku?" Na rama mata da abin da ya fi nata zafi, amma da na dawo gida tsoro ya kama ni.

Ba maganar mata ce ta fi tsorata ni ba. Babana haka ya fara. Ƙato ne shi ma, ya soma ture abinci yana cewa babu komai, cikin wata huɗu ya zama abin da mutum ɗaya ke ɗagawa daga tabarma. Ni na riƙa ba shi ruwa a cokali. Duk lokacin da na ga ƙashin wuyan Alhaji ya ƙara fitowa, sai in ga babana. In ya yi gyangyaɗi bayan azahar, sai in tsaya bakin ƙofa ina kallon ƙirjinsa har in tabbatar yana ɗagawa.

Maƙwabciyata Shahida tana sayo kaya daga Ƙonni, atamfa da turare da kayan gyaran amare. Ita na kai wa kukana. Ta saurara, sannan ta jawo wata leda daga cikin kwalla.

"Yaya Hindatu, ba ki san sha-ka-hwashe ba? Shi muke ba amare in sun rame ana gab da biki. Sati ukku za ki ga kumatu."

"Ba shi sha. Ko maganin ciwon kai sai an yi da gaske."

"To wa yac ce ki hwaɗa mashi?"

Ƙananan ƙwayoyi ne farare, ba su kai ƙwayar wake ba. Na san amaren da aka ba su, na ga yadda suka yi ɓul-ɓul ranar kai su ɗaki. Ban ga wani abin tsoro a ciki ba. Abu ɗaya Alhaji bai daina sha ba, shi ne kunun tsamiya da safe in ya dawo daga tafiyarsa, babu sukari. Sai in murƙushe biyu da bayan ludayi in motsa, tsamin ya rufe ɗacin. Ranar farko har bisimilla na yi.

Shahida ba ta yi ƙarya ba. Kafin sati uku fuskarsa ta cika ta yi zagaye. Yunwa ta riƙa kama shi, in gan shi yana kallon akushin baƙi yana haɗiyar yawu, wani lokaci ya kasa daurewa ya ci, sannan ya tashi ransa a ɓace. Ruwa kuwa kamar ana zuba wa rairayi, yana sha yana zagayawa bayan gida. Ni dai kumatun nake gani. Na yi sadakar waina don murna.

Shi kuma sai ya ƙara tsawon tafiyar. Da yana dawowa kafin rana ta yi zafi, yanzu sai hantsi. Ya rage abincin da dama ba ya ci. Wata rana ina shara a ɗakinsa na tsinci guntayen auduga da ɗigon jini a bayan katifa. Ban san yana da wata 'yar na'ura da yake soka yatsa yana auna suga ba, ban san kullum lambar hawa take yi yana rasa dalili ba. Jini kawai na gani. Na zauna a ƙasa na yi kuka, na ce ciwon ya kai ga jini, sai an ƙara ƙarfin magani. Washegari na murƙushe uku.

Sai ya fara sa safa, cikin zafin nan da ko hijabi da ƙyar ake sha. Ya riƙa yin alwala a ɓoye. Na lura yana ɗan ɗingishi, na kuma fara jin wani wari a ɗakinsa da turaren wuta bai iya kashewa. Na tambaya, ya ce takalmi ne ya ɗan cije shi.

Ranar wata Laraba da hantsi na ji ana buga ƙofa kamar za a ɓalle ta. Ɗan kabu-kabu ne da wani mutum, sun sa Alhaji a tsakiyarsu, kansa ya langaɓe. A bakin hanyar Araba suka tsince shi zaune a ƙasa, bai san inda yake ba. Kusan wata huɗu yana ƙin hawa babur ɗinsu, ranar dai ya hau. Ɗanmu na biyu, Usama, ya tashi mota. Na sura mayafi, na kuma sura ledar ƙwayoyin na ƙulle a bakin zanena. Ina so a ji wannan da kyau, don ba zan ɓoye ba: na ɗauke su ne don in ci gaba da ba shi a asibiti ya samu ƙarfi.

Ban taɓa sanin hanyar Sakkwato na da tsawo haka ba. Kansa na bisa cinyata, leɓɓansa sun bushe sun tsage. Duk addu'ar da na kama sai ta tsinke a tsakiya in sake daga farko. Wajen Gwadabawa ya buɗe ido ya ce, "Ƙahwata," ya sake rufewa. Na kai hannu na janye safar. Abin da na gani ya sa na mayar da ita da sauri. Yatsu biyu na ƙarshe sun yi baƙi.

Sai bayan la'asar ya dawo hayyacinsa, an sa masa ruwa an yi masa allurai. Likitan da ya zo, wani dogo mai gilashi, ya kira shi da sunansa kamar sun saba, abin da ya fara ɗaure mini kai ke nan.

"Alhaji, wata biyu da suka wuce ka zo nan na yaba maka. Ƙiba ta ragu, suga ya sauka. Me ya faru?"

Na dubi Usama, Usama ya dube ni. Suga? Wane suga?

"Likita, wallahi duk abin da kac ce na yi," in ji Alhaji. "Na bar tuwo, na bar zaƙi, ina shan maganin da kab ba ni. Tahiya har na ƙara. Kullum in na auna da na'ura, hawa shi kai."

Likitan ya duba ƙafar ya daɗe. Ya ce yatsun nan biyu sun riga sun tafi, sai an cire. Sauran ƙafar kuwa ya danganta da kwana biyu masu zuwa. In suga ya sauka, ciwon ya tsaya, to an tsira. In bai sauka ba, dole a hau sama. Da ya ce "sama" sai na ga hannun Alhaji ya tafi ya dafe ƙasan gwiwarsa, daidai inda aka yanke wa Lukmanu. Hawaye suka zubo masa. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da innarsa ta rasu.

Likitan ya ƙura wa fuskarsa ido, ya taɓa kumatun da nake murna da su. "Wannan kumburin bai yi mini ba. Kana shan wani magani ban da nawa? Na ciwon gaɓoɓi, na gargajiya, ko na ƙarin jini? Akwai ƙwayoyin da ke tayar da suga su hana ciwo warkewa. In ban san abin da nake faɗa da shi ba, aikina zai yi wuya."

"Ko ɗaya. In rantse maka da Alƙur'ani."

Ƙullin nan na bakin zanena ya yi mini nauyi kamar na ɗaura dutsen niƙa. Na ji zuciyata na cewa, yi shiru Hindatu, ki zubar da su a bayan gida, ai in ya daina sha shi ke nan, wa zai sani? Na ga kaina ana nuna ni a Illela, matar da ta zuba wa mijinta magani. Na san sunan da ake kiran irin wannan matar. Likitan ya rufe takardarsa zai juya, hannun Alhaji kuma na nan bisa gwiwarsa bai ɗauke ba.

"Likita."

Yatsuna sun ƙi kwance ƙullin, sai da na sa haƙori. Na miƙa masa ledar. Ya karanta bayan takardar ƙwayar, ya ɗago. "Nawa a rana? Tun yaushe?"

"Biyu. Daga baya ukku. Sati bakwai. Cikin kunu."

Usama ya ce, "Inna!" ya fita daga ɗakin. Likitan bai zage ni ba, na so ma ya zaga. Ya ce gara da na faɗa, don irin wannan ƙwayar ba a yanke ta rana ɗaya, a hankali ake janye ta, da an yi shiru da wata matsalar ta taso. Ya kira ma'aikaciyar jinya suka canza abin da za a ba shi. Suka bar mu mu biyu.

Alhaji bai dube ni ba, rufin ɗakin yake kallo.

"Ke, Hajiya?"

"Ni."

"Don mi?"

"Na ga kana ramewa. Tsoro niz ji ka mutu kamar Baba."

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Ni ma tsoron nike ji. Shi yas sa nike tahiyar."

Nan fa haushi ya taso mini tare da kukan, don ni ba mai haɗiye magana ba ce ko a gaban gadon asibiti. "To mi yah hana ka hwaɗa min? Ni ka dahwa maka abinci! Ka hwaɗa ma likita, ka hwaɗa ma na'ura, ni ka ce min babu komi?"

"Na ce kar in tada maki hankali."

"To ga shi ya kwanta!"

Na koma na zauna, don duk abin da zan faɗa, ba hannunsa ne ya murƙushe ƙwayar ba.

Kwana biyun nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Duk bayan 'yan sa'o'i ma'aikaciyar jinya za ta zo ta soki yatsansa, ni kuma in tsare fuskarta da ido, don lambar ba ta gaya mini komai, fuskarta ce ke gaya mini. Likitan ya zana layi da biro a bayan ƙafar, inda jan ya tsaya, ya ce in ya ƙetare layin a kira shi. Na zauna gaban layin nan kamar mai gadi. Ko ƙuda ya sauka sai gabana ya faɗi. Da safiyar Juma'a ya zo ya duba, ya danna, ya sake dubawa, ya ce jan ya ja baya. Yatsu biyu kawai za a cire. Na durƙusa na yi wa Allah godiya.

Kafin a sallame mu, ma'aikaciyar nan ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Hajiya, kawo hannunki ke ma." Jinina ya hau, suga kuma yana bakin ƙofa. Na ce mata ni lafiyata lau. Ta ce haka mijina ma ya ce.

Da muka dawo Illela, matar Usama ce ta riƙa dama masa kunu. Bai hana ni ba, ni ce na kasa. Ko tsamiya na gani sai in kau da kai. Abin da na iya yi shi ne na jawo rigunan nan daga ƙarƙashin gado, na ɗora su a ka, na kai wa Hamidu tela da kaina, ranar Lahadi kuwa, kasuwa na ci. Na ce ya rage su sosai. Wata da ke jiran ɗinki ta ce, "Ashe har yanzu Alhaji na ramewa?" Na ce, "Awo, kuma ni ma ki sa min ido." Shahida ma na je na same ta, abin da na gaya mata a kan ƙwayoyinta ba na rubutawa ba ne. Alhaji kuma ya daina ɓoye-ɓoye da baƙi. Yakan zauna da su da 'yar tasarsa, ya gaya musu sunan ciwon da bakinsa. Wani tsohon bafatake ya ji haushi, wasu biyu kuma suka tambayi inda ake gwajin.

Bayan wata biyu likita ya ce zai iya soma tafiya kaɗan-kaɗan, da takalmi mai taushi, kuma kullum a duba ƙafar kafin a sa. A safiyar farko ya dawo daga masallaci ya tsaya bakin madafa.

"Hajiya, kununki nike so."

Na dama. Sau biyu ludayi na faɗuwa. Na kai masa, na kai kofin bakina zan fara kurɓa don ya gani, sai ya riƙe hannuna ya karɓa. Bai leƙa ciki ba, ya kafa kai ya sha. Wallahi da ya leƙa da ya fi mini sauƙi. Ya tsaya a rabi ya miƙo mini.

"Sauran naki na. Sha ki sa takalmi, kabu-kabu na jiranmu mu ba su haƙuri."

Na sha, babu sukari, ina kuka. Sannan na durƙusa na ɗora ƙafarsa bisa cinyata don in duba kamar yadda likita ya ce. Na bi tafin da hannu, na leƙa tsakanin yatsu, na koma ɗaya ƙafar. Tun daga ranar kullum haka nake yi kafin mu fita, kuma har yau gabana na faɗuwa kafin in janye safar. Nakan ƙirga yatsun, ko da na san adadinsu. Takwas ne. Biyun da babu, na san hannun da ya dama kunun da ya ɗauke su.